Tambaya da Amsa: Madubin hangen nesa mai awon nisa, wanne zan saya alhali aljihu ba nauyi?

Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato madubin nan mai kawo nesa kusa da mafarauta ke ratayawa a wuya, musamman irin na zamani da in ka danna maɓalli zai rubuta maka nisan dabba a cikin gilashin. Na zaɓi huɗu. Ta farkon na ja ta da tsawo dan rabin amsar sauran tana cikinta, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗan Katsina ne amma ina aiki a Houston jihar Texas shekara shida kenan, bara wani abokin aikina bature ya ɗauke ni farautar barewa a gonarsu, wlh tun daga ranar abin ya shiga raina har na yi kwas ɗin mafarauta na yanki lasisi na sayi bindiga .308, yanzu madubi ya rage. Shi abokin nawa Swarovski gareshi mai awon nisa a ciki, da na tambayi kuɗin sai da na nemi wurin zama. Ni dala 600 zuwa 700 na ware gsky bazan iya wuce haka ba akwai ƴan gida da ake turawa. In sayi mai araha wanda ya haɗa duka biyun ko ya zan yi? Daga ɗan Katsina a Texas.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare ya ƙara buɗi. Bari in fara da abinda bazaka so ji ba, da wannan kuɗin ni bazan sayi mai haɗe ba. Zan raba kuɗin biyu, madubi mai kyau zalla da kuma ƴar ƙaramar na'urar awon nisa ta ido ɗaya wadda ake sawa a aljihu. Ga dalili.

Shi madubi mai awo na'ura biyu ce aka cusa a gida ɗaya, akwai gilasai akwai kuma leza, wato hasken da ake harbawa dan auna nisa, da ƴar kwamfutarta da sikirin ɗin da ke nuna lamba. Kamfanin Leica na Jamus ne ya fara fito wa da farar hula irinsa a 1992 da sunan Geovid, kuma har yau manyan, su Leica da Zeiss da Swarovski ɗin abokinka ɗan Austiriya, kuɗinsu na kaiwa dala 3,000 har ya wuce. To in wani kamfani yace zai baka duka biyun a dala 400 kaga dole ya rage wani wuri, kuma a gilashi yake ragewa dan lambar leza ce ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, ita ke sayar da kaya. Ga shi kuma dole hasken da ke shigowa ya ratsa ta wurin da aka raba hanya tsakanin idonka da lezar da sikirin, shi yasa masu arahar zaka ga hoton ya ɗan dushe ko ya yi shuɗi-shuɗi kamar an wanke shi da bula.

Ita lambar kwalin ma a yi hattara da ita. Yadda abin ke aiki, na'urar tana harba haske ya daki abu ya dawo sai ta lissafa lokacin, haske kuwa yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, abu mai nisan mita 500 zuwa da dawowa bai fi kashi 3 da ɗoriya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Amma sai abin ya maido da hasken tukun. In sun rubuta yadi 1,500 ko 5,000 suna nufin abu mai ƙyalli ne kamar allon titi ko rufin kwano. Barewa gashi gareta mai shanye haske ga ta ƴar ƙarama, sau da yawa rabin lambar ko ƙasa da haka zaka samu a jikinta. Kamfanonin kirki suna rubuta lamba uku, ta abu mai ƙyalli da ta bishiya da ta barewa, ta ƙarshen ita zaka duba.

Yanzu tambayi kanka, a nisa nawa kake harbi? Farautar gonakin Texas yawanci a ƴar bukka ake zama a jira, dabba ta fito wajen yadi 100 ko kusa da haka. Bindigarka .308 in ka saita ta a yadi 100, a yadi 200 harsashin bai sauka fiye da kamar inci 4 ba, ƙirjin barewa kuwa inda ake nufa ya kai faɗin faranti. Sai a yadi 300 ne yake faɗuwa sama da inci 12, a nan ne kuskuren ƙiyasi ke sa a karya wa dabba ƙafa ta gudu ta je ta mutu a sarƙaƙiya, wanda alhaki ne. Wato a irin farautarka awo sau ɗaya ya isa, kana zama da asuba ka auna wancan kututturen, wancan dutsen, bakin shinge, ka haddace ka mayar da na'urar aljihu. Amma madubi awa uku huɗu yana manne a idonka.

Kuma lokacin da barewa ta fi motsi shine duku-duku da kuma gab da magariba, dokar Texas ma ta yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Ga shi a gundumomi da yawa akwai ƙa'idar faɗin ƙaho, sai tsakanin ƙahonin namijin ya kai inci 13 ko kuma ɗaya daga cikin ƙahonin ya zama marar reshe, ka harbi wanda bai cika ƙa'idar ba ka ja wa kanka tara. Toh a wannan ɗan duhun leza bazata ƙirga maka ƙaho ba, gilashi ne zai yi.

Lambobin jikin madubi ba wuya. In ka ga 8x42, takwas ɗin shine sau nawa yake kusanto da abu, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Ka raba 42 da 8 ya baka milimita 5.25, wannan shine faɗin ɗigon hasken da ke shiga ƙwayar idonka, na 10x42 kuma 4.2 ne. Dan haka mai takwas ya fi haske da almuru, ya fi faɗin gani, kuma hannu baya nuna rawarsa sosai. Mutane suna ruɗuwa da goma dan ta fi takwas yawa, ni dai a daji mai itatuwa takwas nake so, fili fetal ne ke buƙatar goma. Tunda ka ce Texas, ko wanne ka ɗauka baka yi asara ba, amma in kana sa tabarau ka duba tazarar da aka bari tsakanin ido da gilashi ta kai milimita 16 ko fiye, in ba haka ba zaka riƙa gani kamar ta cikin bututu.

Suna kake so ko? Irin su Vortex Diamondback HD ko Nikon Monarch M5 suna yawo tsakanin dala 250 zuwa 300, ƴar na'urar awo ta Vortex ko Bushnell ko Leupold kuma ana samu daga dala 150 zuwa 200 da ɗan wani abu, farashi dai yana hawa yana sauka sai ka duba. Canjin da ya rage ka sayi ɗamarar ƙirji ta rataya madubi dan igiyar wuya tana gajiyar da mutum, sauran ka sayi harsashi ka je filin gwaji, wlh wannan zai fi kawo maka nama gida fiye da kowane madubi.

In kuma ranka ya kafe sai mai haɗen, akwai Bushnell Fusion X da ke wajen dala 700, shine kusan matakin ƙasa da zan iya ambata ba kunya, sama da shi akwai Vortex Fury HD 5000 wanda ya haura dala 1,000. Ka sani nauyinsu ya doshi kilo ɗaya, alhali madubi zalla gram 600 zuwa 700 ne. Sannan ka karanta takardar garanti da kyau, kamfanoni da yawa garantin gilashi daban na kayan lantarki daban kuma na lantarkin ya fi gajarta, Vortex dai an san su da gyara ko canzawa ko da rasit ya ɓata. Wannan ba ƙaramar magana bace dan gilashi mai kyau sai jikanka ya gada, lantarki kuwa ranar da ya ga dama yake mutuwa, in ya mutu ka koma ɗauke da madubi mai nauyin banza. Ni kaina shekarun baya na taɓa sayen wani mai haɗe marar suna ta intanet dan arahar ta ja ni, damina ɗaya ya yi raɓa ta shiga ciki sikirin ya fara rubuta rabin lamba, na rubuta wa masu shi har yau shiru kake ji.

Ba wai mai haɗe bashi da rana ba. Ranar da abokinka ya ja ka Wyoming ko Colorado inda zaka hangi dabba a yadi 400 ba ko bishiya tsakaninku, kuma kafin ka sauke madubi ka lalubo na'ura a aljihu ta ɓace maka, ranar zaka gane dalilin da yasa ya zuba wa Swarovski kuɗin mota. In ka kai nan sai ka tara ka sayi na ƙwarai gaba ɗaya. Kafin nan in zaka kanti ka je da yamma, ka roƙi su barka ka leƙa waje ko ka duba lungu mai duhu, dan a ƙarƙashin fitilun kanti kowane madubi sarki ne. Kar ka manta da bismillah kafin ka ja kunama, da wuƙa a kusa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Babana ne yasa in rubuto, maharbi ne tun yana saurayi a nan ƙasar Ningi, da bindigar toka da karnuka yake fita, yanzu ido ya fara rauni. Wani ya kawo masa madubi daga kasuwa an rubuta 60x60 gilashin ja jawur, yace har da dare ana gani kuma akwai wani mai tsada da ke faɗin nisa. Baba yace a tambayeka kafin ya sayar da akuya.

AMSA: A gaida Baba da kyau, ranka ya daɗe akuyar nan a barta ta ci gaba da kiwonta tukun. Mai faɗin nisa dai ba naka bane sam. Bindigar toka ko mai baki biyu aikinta bai wuce taku 30 zuwa 40 ba, kuma mutumin da ya shekara arba'in yana bin gada da zomo da fakara, idonsa da ƙafarsa sun riga sun san wannan nisan fiye da batir. Abinda zai amfane ka shine madubi zalla na duba gefen dutse da bakin fadama kafin ka wahalar da ƙafa.

Shi kuma 60x60 ɗin ƙarya ce aka buga da fenti. Madubin da ya wuce 10 ko 12 hannun mutum baya iya riƙe shi hoto ya tsaya sai an ɗora a kan ƙafa, ina ga 60. In ma gaskiya ne 60 raba 60 ɗigon haske milimita 1 kenan, duhu zaka gani. Yawancinsu in ka gwada basu fi 7 ko 8 ba. Jan gilashin kuma ado ne na jan hankalin mai saye, yana ma rage haske ya mayar da hoto kore-kore, babu wani gani da dare a ciki. Na'urar gani da dare ta gaskiya kayan lantarki ce daban, kuma a Najeriya tana cikin kayan da sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake shigo da su, ba abinda za a shimfiɗa a tabarma kusa da tocila bane.

Ka nemi irin mai kafaɗa ɗin nan na da, wanda gilasan gaba suka fi na ido buɗewa, 7x35 ko 8x40 ko 8x42, dan a kuɗi kaɗan irinsa ya fi miƙaƙƙen bada hoto mai kyau. Nikon suna da Aculon a wannan sahun, kuma a kayan gwanjo akan dace da tsofaffin na Japan ko na Rasha masu ƙarfe. Yaro, kai zaka yi wa Baba gwajin a gaban mai kaya. Riƙe madubin nesa da fuska ka fuskanci sama ko farin bango, ɗigon hasken da ke gilashin ido ya zama zagaye tas. Juya shi ka haska tocila ta gaba ko akwai fumfuna ko tsagewa a ciki. Sannan ka kalli wayar lantarki ko saman katanga, ka ɗan janye madubin daga ido a hankali, in layin ya rabu ɗaya sama ɗaya ƙasa to madubin ya sha faɗuwa ya goce, minti goma zai sa wa Baba ciwon kai, ko kyauta aka baku kar ku karɓa. Akwai ɗan zobe a gilashin ido na dama da ake murɗawa dan daidaita bambancin idanu biyu, mutane da yawa basu san amfaninsa ba sai su ce madubi ne ba kyau. In kuma raunin idon yana ƙaruwa a kai Baba a duba ko yana ce, madubi baya maganinta.

Sai magana ɗaya da bazan ɓoye ba. A halin da dazukanmu ke ciki yanzu, mutum da bindiga da madubi a wuya ana iya yi masa wata fassara. Baba ya riƙa tafiya da katin ƙungiyar maharba, sarkin baka da mai gari su san yana da shi. Kuma ya sani gandun Lame-Burra da Yankari ba wurin farauta bane ko da madubin ya hango masa gwanki.

TAMBAYA: Salam Malam, daga Garwa a Kamaru. Ina aikin bin sawu da turawa masu zuwa farauta da izini a yankunan da ke kewaye da gandun Binuwai da Faro. Wani ya bar min madubinsa mai awo kyauta, da farko lafiya lau amma da hunturu ya shigo in abu ya ɗan yi nisa sai ya nuna layi-layi ba lamba, wani lokaci kuma ɓauna tana can nesa yace mita 15. Ya lalace ne?

AMSA: Wa alaikas salam, inaga lafiyarsa ƙalau, hazo ne. Ƙurar hunturu tana tarwatsa hasken lezar tun kafin ya isa, ɗan abinda ya dawo bai isa lissafi ba sai ya baka layi, haka yake yi a ruwan sama da hayaƙin ƙunar daji, har tsakar rana mai ƙarfi ma tana rage masa nisa. Mita 15 ɗin kuma gamba ce ko reshe a gabanka ya fara daka. Ka shiga saitinsa, yawancinsu suna da zaɓin abu na farko da abu na ƙarshe, kai na ƙarshe zaka sa dan ya tsallake ciyawa. In akwai wanda ake danne maɓalli lamba ta yi ta canzawa kana shara, yi amfani da shi. Dabara mafi sauƙi kuma, kar ka auna dabbar, auna gindin bishiya ko suri ko dutsen da ke kusa da ita, kuma ka ɗora madubin a kan sandunan harbi dan hannu ya daina rawa.

Ka canza batir ma, yawanci CR2 suke ci kuma ba a kowane shago ake samunsa ba, ka roƙi baƙin su riƙa zuwa maka da biyu uku. Ka duba ko a yadi yake ko a mita, yadi 1 mita 0.91 ne, in baƙonka Ba'amurke ne ka faɗa masa mita 300 ya ɗauka yadi ne kun yi kuskuren kusan yadi 28. A wurin tsauni kuma akwai saitin da ke gyara gangara, dan in ka auna mita 300 a gangaren digiri 30, harsashi faɗuwar kamar mita 260 zai yi, hawa ne ko sauka duk ɗaya.

Dan Allah kar ka goge gilashin da bakin riga, ƙurar nan yashi ce tana kankare rufin da aka yi masa. Hure ta tukun ko ka kaɗe da burushi mai laushi sannan ƙyalle mai taushi. Kar kuma a barshi a gaban mota cikin zafin Maris da Afrilu na Garwa.

TAMBAYA: Malam maigida ya sayi irin wannan, yara sun mayar da shi abin wasa suna auna junansu. Hasken baya lalata ido? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya kwantar da hankali, na kamfanonin da aka sani yawanci lezarsu mai rauni ce wadda ido baya ma ganinta, ajin farko ake ce mata, zaki ga an rubuta Class 1 a jiki ko a takardarsa. In babu wannan rubutun ko kuma baki san kamfanin ba a ɗauke shi daga hannunsu, kuma ko da akwai a hana su danna shi a fuskar juna kusa-kusa. Abinda ya fi bani tsoro ba lezar bace, rana ce. Yaro ya ɗaga kowane irin madubin hange ya kalli rana, ko na daƙiƙa kaɗan ne, zai iya ƙona idonsa har abada, dan gilashin tattara haske yake kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi. Ki cire batirin ki sa madubin a saman sif, in maigida ya dawo shi ya riƙe musu su kalli tantabaru a kan rufi da yamma.